Su Sun Shiga Tsakiyar Fage, Mu Mun Bar Gefensa

A yankinmu na Funtua da Malumfashi, amfanin gona ne yake yanke wa kokawa rana. Sai an girbe dawa an ɗaure dammuna, an tsinci auduga an kai fuloti, kuɗi sun ɗan kwana a aljihun samari, sannan ganga take tashi. Wannan ƙauye ya aika wa wancan goron gayyata, a share fili a bayan gari, a yayyafa ruwa saboda ƙura, da la'asar sakaliya jama'a su kewaye fage. Babu tikiti, babu katanga, babu alƙali mai usur. Dattawan da suka yi zamaninsu su ne masu rabawa, wanda kuma ya sha ƙasa ya sha, kowa ya gani da idonsa. Dambe kuwa na mahauta ne. Su ma a kaka suke fitowa, su bi garuruwa da masu kalangunsu, da rana su yi fawa, da yamma su ɗaura zare.

Mu 'yan mata muna wurin, amma a gefe. Da farantin gyaɗa muke zuwa, ko dakuwa, ko rake yankakke, wasunmu ma tallar hujja ce kawai ta fita daga gida. Ba mu taɓa sa ƙafa a cikin fagen ba, ba kuma wanda ya taɓa kawo wa ransa mu sa. Duk da haka wanda ya ce ba mu da hannu a wasan bai san shi ba. Guɗa tamu ce. Saurayin da ya yi kaye ba wajen dattawa yake fara waiwaya ba. Shi kuwa wanda aka kayar, ciwon kwankwaso mai warkewa ne. Abin da yake hana shi barci shi ne sanin cewa gobe da dare sunansa zai shiga waƙar gaɗa a dandali, kuma ba zai fita ba sai wata kakar. Na san wani ƙato a ƙauyenmu da ya tafi cin rani Kaduna tun lokacin tafiya bai yi ba, saboda bakin 'yan mata kawai.

Ƙarfi kam ba shi muka rasa ba. Macen da ta gama surfe da daka kafin hantsi, ta jawo ruwan gida kaf daga rijiya mai zurfi, ta ɗauko itace daga daji da goyo a baya, ba za a koya mata ƙarfin damtse ba. Matan Maguzawan da ke kewayen Malumfashi da Ƙafur wuni suke yi riƙe da fartanya a gayaunarsu. Mu ma a rafi ko a hanyar itace mukan kama juna mu gwada kaye, a fara da dariya, wani lokaci a ƙare da kuka. Sai dai wannan kokawa ce marar makaɗi, abin da ba shi da makaɗi kuwa a ƙasar Hausa daidai yake da ba a yi shi ba.

Akwatin talabijin ne ya fara kawo mana wata kokawa dabam. Waɗanda suka tashi a cikin garin Funtua a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 za su tuna yadda yara kan cika tagar gidan mai talabijin don ganin Mighty Igor, ko Mil Mascaras mai rufe fuska, ko namu na gida Power Mike. Daga baya gidajen bidiyo suka zo da kaset ɗin su Hulk Hogan da Undertaker, a biya a zauna kan benci, janareta na ruri a waje. Gardamar da aka yi ta yi a teburin mai shayi ita ce: resilin ɗin nan gaske ne ko haɗin baki? Tsofaffin 'yan kokawarmu ba su taɓa ruɗuwa ba. Sun san mutumin da aka ɗaga sama aka maka da ƙasa da niyya ba ya miƙewa ya kaɗa gashi. Masu kamfanin su Hulk Hogan ma da bakinsu suka faɗa wa majalisar jihar New Jersey ta Amurka a 1989 cewa nishaɗi suke sayarwa ba gasa ba, don su kuɓuta daga dokokin hukumar wasanni. Labarin bai iso bencin gidan bidiyo ba, da ya iso ma ba zai hana kowa kallo ba. Matan da ke cikin waɗannan kaset galibinsu 'yan rakiya ne: ta riƙe wa gwani alkyabbarsa, ta yi ihu a gefe, in alƙali ya juya baya ta ja ƙafar abokin gaba. Wato su ma a gefen fage suke kamar mu, illa dai mun fi su sutura.

A 1993 aka fara wata gasa a Amurka mai suna UFC, inda ake zuba ɗan dambe da ɗan kokawa da mai judo da mai karate a cikin keji, kowa ya yi da abin da ya iya. Wannan babu haɗin baki a cikinta, jinin da aka gani jini ne. 'Yan Najeriya sun san ta sosai daga baya saboda Kamaru Usman da Israel Adesanya, waɗanda dukansu suka ɗauki kambu a 2019. Shugaban gasar, Dana White, ya faɗa a 2011 cewa mata ba za su taɓa faɗa a kejinsa ba. Bayan shekara biyu ya lashe amansa, kuma mace ɗaya ce ta sa shi, Ronda Rousey.

Ita wannan gadon faɗa ta yi. Mahaifiyarta ta ci gasar judo ta duniya a 1984, ita kuma ta samo tagulla a Olamfik ɗin Beijing a 2008. A watan Fabrairun 2013 ta kara da Liz Carmouche a faɗan mata na farko a UFC, ta kuma ci. Makaminta kusan ɗaya ne kuma kowa ya san shi: ta kai mace ƙasa, ta kama hannu, ta lanƙwasa gwiwar hannun ta inda ba ta lanƙwasuwa har sai an yi saranda. A farkon 2015 ta gama da Cat Zingano cikin daƙiƙa 14. Aka yi ta zuga ta, har ana cewa babu macen da za ta iya da ita a duniya. A watan Nuwamban wannan shekara, a birnin Melbourne, gaban mutum sama da 56,000, Holly Holm ta kai mata ƙafa a wuya ta zube. Ta yi shekara guda ba ta shiga keji ba, ta dawo a ƙarshen Disamban 2016, Amanda Nunes ta Brazil ta gama da ita cikin daƙiƙa 48. Waɗanda suka yi mata kirari jiya su ne suka fi kowa yi mata dariya. Wannan kam ba sai an je Amurka ba.

A watan Janairun 2018 sai ga ta a WWE, gidan su Undertaker, inda ake rubuta wanda zai ci tun kafin a shiga fage. Wasu suka ce gudu ta yi. Ni ban ga laifinta ba. A 2024 ta bayyana cewa tun tana yarinya a judo take shan bugun kai mai girgiza ƙwaƙwalwa, ta yi ta ɓoyewa, har abin ya kai ɗan naushi kaɗan kan rikita mata gani. A resilin ma ana jin ciwo, ana karyewa, amma kin san lokacin da bugu zai zo, kuma aikin abokiyar karawarki ne ta tabbatar kin koma gida da ƙafafunki. Albashi kuma bai rataya a kan nasara ba. Cikin shekara guda da 'yan watanni, a Afrilun 2019, ita da Becky Lynch da Charlotte Flair suka zama matan farko da aka rufe babban bikin kamfanin na shekara, WrestleMania, da wasansu. Wurin da aka saba ajiye wa manyan ƙarti ke nan.

Ba ita kaɗai ta ƙetara ba, kuma nan ne labarin ya fi jan hankalina. Tun suna faɗan keji, su huɗu ne ƙawaye masu atisaye tare a California: Rousey, da Shayna Baszler, da Jessamyn Duke, da Marina Shafir. Suka sa wa kansu suna Mahayan Doki Huɗu Mata, aro daga wata tsohuwar ƙungiyar resilin ta su Ric Flair ta shekarun 1980. Baszler ce abar tausayi a cikinsu da farko. Ta haura shekara goma tana faɗa tun lokacin da babu kuɗi a faɗan mata, da ta iso UFC kuma jiki ya fara gajiya, aka ci ta a karawarta biyu, aka sallame ta. Da ta shiga WWE a 2017 sai ta zama dodo, ta riƙe kambun mata na sashen NXT har sau biyu. Duke da Shafir suka biyo ta a 2018, aikinsu su tsaya mata a gefe, in wuya ta yi wuya su sa hannu a ɓoye. A cikin kamfanin kuma a lokacin akwai wasu mata huɗu da su ma ake kira da wannan suna: Charlotte Flair, Becky Lynch, Sasha Banks da Bayley, 'yan gida waɗanda ba su taɓa shiga keji ba. Aka yi ta ɗana wa masu kallo tarko cewa wata rana huɗu za su haɗu da huɗu, baƙi masu faɗan gaske da 'yan gida masu iya wasa. Har aka sallami Duke da Shafir a 2021 ranar ba ta zo ba. Shafir ta koma kamfanin AEW, inda a 2024 ta shiga ƙungiyar Jon Moxley, mace ɗaya a cikin maza.

Me kamfani yake nema a wajensu? Ƙanshin gaske. Mai kallo ya san haɗi ne, amma yana so a ce wadda ke gabansa in ta ga dama za ta iya karya hannu da gaske. Me ya sa kuma sai an haɗa su ƙungiya? Saboda mutum ɗaya ci da faɗuwa kawai gare shi, ƙungiya kuwa tana da amana da hassada da cin amana, abin da za a yi ta ja har shekara. A 2023 Rousey da Baszler suka ɗauki kambun 'yan bibbiyu tare, sannan aka rubuta cewa Baszler ta juya wa ƙawarta baya a London a watan Yuli. Da suka haɗu a Detroit a watan Agusta, sai aka ce su yi shi da ƙa'idar keji, wato su kwaikwayi faɗan gaske. Wasan bai yi armashi ba, jama'a suka yi ta gunaguni. Mata biyu da suka fi kowa a gidan sanin faɗa, amma ranar da suka nuna shi yadda yake, sai ya gundiri mutane.

Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba. Mutum nawa ne a raye yau suka ga damben Shago da idonsu? Amma kowa ya san Shago, kuma Ɗan Anace ne ya sanar da shi. Mutanen Funtua, garin da Mamman Shata ya zauna, sun fi kowa sanin cewa girman mutum a bakin mawaƙinsa yake. Ɓangaranci ma namu ne tun fil azal. A gidajen dambe har gobe akwai Kudu, akwai Arewa da ake kira Jamus, akwai Guramada, kuma ɗan kallo ɓangarensa yake bi ko da bai san yaron da aka sako ba. Yaro ya taso a hannun ubangida ya ɗauki sunansa, a ce Shagon wane ko Bahagon wane, ranar da ya sauya sheƙa kuma a yi wata guda ana zancen. Bambancinmu da su ɗaya ne, kuma babba ne: a wajenmu kisa kisa ne. Ba a rubuta wa kowa faɗuwa, in an yi turmi uku babu kisa a raba su, kowa ya koma da abin da ya samu a fuska.

Sai dai damben ma ya tashi daga inda na san shi. Ya bar bayan gari ya koma gida mai katanga da kuɗin ƙofa, irin na Ado Bayero Square a Kano da na Dei-Dei a Abuja, ana yi rani da damina, ana sa mota da babur. Tun daga wajen 2017 masu kyamara suka fara ɗora shi a YouTube, mutanen da ba su san inda Katsina take ba suna kallo. A Nijar gwamnati ce ta rungumi kokawa tun 1975, lokacin da aka fara gasar takobi a Tawa, kuma duk shekara jihohi ne suke karawa, ƙasa ta tsaya cik a gaban rediyo da talabijin. A Amurka kuwa, a watan Satumban 2023 aka haɗa UFC da WWE a ƙarƙashin kamfani ɗaya, mai sayar da faɗan gaske da mai sayar da na haɗi suka zama aljihu guda. Ko'ina ka duba, labarin ya fita daga bakin makaɗi da 'yan matan dandali, ya koma hannun mai kyamara da mai karɓar kuɗin ƙofa.

Mu kuma fa? A daidai shekarun da matan can suke matsawa daga gefe zuwa tsakiya, mu gefen ma muka bari. Dalilan ba ɗaya ba ne, kuma ba dukansu nake kuka da su ba. Wa'azi ya yi ƙarfi a kan cakuɗuwar maza da mata, aka ƙaddamar da shari'a a jihar Katsina a 2000, iyaye suka fara jin kunyar a ga 'yarsu da faranti a taron samari. Ni da na yi tallar na san abin da ke faruwa a bayan fage in duhu ya yi, don haka ba zan ce a mayar da ita ba. Makarantar boko da Islamiyya suka cinye yammacin yara, wannan kuma alheri ne. Auduga ta ja baya bayan masaƙun Kaduna sun rufe ɗaya bayan ɗaya, masara da waken suya suka maye gurbinta, kuɗin kaka ya koma biyan bashin taki. Sannan babbar musiba ta zo, ta 'yan bindiga. Tun kafin a kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020, ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume sun daina jin ganga da dare. Wa zai tara jama'a a bayan gari, alhali manomi ma sai ya yi shahada kafin ya je gonarsa?

Dandali ya mutu, gaɗa ta bi shi. Amma sha'awar kallon gwani ba ta mutu ba, ta koma cikin waya. Yanzu yarinya ba ta buƙatar hujjar talla. Ta ba ƙanenta katin waya ya kai wa masu tura fina-finai a kasuwa, ya dawo da fassarar Indiya da waƙoƙi da resilin a haɗe. Kwanaki na iske 'yar ƙanena a ɗaki ita da ƙawayenta sun haɗa kai a kan waya, suna gardamar wadda ta fi tsakanin Rousey da Becky Lynch, kowace da ɓangarenta, da zafi irin na 'yan Kudu da Jamus. Na ce, "Ke 'yar nan, kun san dai duk shiri ne ko?" Ta ce, "Mun sani mana, Gwaggo. Ai fim ma shiri ne. Amma waccan mai baƙin wandon da gaske ta iya, in ta kama hannunki sai dai ɗori." Na tambaye su ko akwai wadda ta taɓa yin tsere ko wasan ƙwallo a makaranta. Suka dube ni kamar na yi wani yare.

Abin da ya tsaya mini a rai ke nan. Mu da ba mu ga mace a fage ba, jikinmu ya san gudu da tsalle da kaye. Su da suke ganin mata suna ɗaga kambu a gaban dubban mutane, daga aji sai ɗaki. Injin niƙa da famfon burtsatse sun ɗauke musu wahalar da muka sha, Allah Ya saka wa wanda ya kawo su, amma ba a ba su komai a madadin motsin ba.

Ba ina cewa a fito da 'ya'yanmu su yi kokawa a gaban maza ba. Ba zan yarda da shi ga tawa ba, kuma rabin abin da kamfanonin can suke sayarwa jikin matan ne, ko sun faɗa ko ba su faɗa ba. Amma tsakanin wancan da zaman ɗaki akwai fili mai faɗi. Da WWE ta kai wasan mata na farko Riyadh a Oktoban 2019, Natalya da Lacey Evans a rufe suka yi shi tun daga wuya har idon sawu, kuma wasan bai ragu da komai ba. Hedaya Malak ta Masar da ɗankwalinta ta ci tagulla a takwando a Olamfik ɗin Rio a 2016, ta sake ci a Tokyo. A Tokyo ɗin nan dai, a watan Agustan 2021, lambar Olamfik ta farko da Najeriya ta taɓa samu a kokawa mace ce ta kawo ta, Blessing Oborududu 'yar jihar Bayelsa, da azurfa a ajin kilo 68. Odunayo Adekuoroye ta jihar Ondo ta ci zinare a wasannin ƙasashe renon Ingila a 2014 da 2018 da 2022. Wannan kokawar gaske ce, mai alƙali da ma'auni, ba ta rubutu ba. Mu da muke tinƙaho da cewa kokawa gadonmu ce, ba mu da suna ko ɗaya a jerin.

Na san mai karatu zai ce yankin da ake fama da 'yan bindiga da tsadar taki, ina shi ina zancen wasan 'yan mata. Gaskiya ne judo ba ta tare harsashi, kuma ba zan yi wa kowa wannan ƙaryar ba. Amma yarinyar da ta san ƙarfin jikinta dabam take tafiya, dabam take ɗaukar ciki da haihuwa, dabam take amsa wa wanda ya tare ta a lungu. Muna da makarantun 'yan mata masu katanga, tun daga ta tarayya da ke Bakori har zuwa na jiha da na al'umma, ga Islamiyoyin matan aure a kowace unguwa. A cikin katangar nan babu idon namiji, babu abin da ya saɓa wa addini ko kunya. Malama mace ake buƙata wadda aka horar, da katifar faɗuwa, da awa ɗaya a mako da ba za a cinye ta da share fili ba. Shugabannin ƙananan hukumomin Funtua da Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Malumfashi, da ku iyaye mata da ke cikin kwamitocin makarantu, wannan bai fi ƙarfinku ba. A fara da makaranta ɗaya a zangon karatu mai zuwa.